Ranar da Malam Kailani Bai Duba Yatsansa Ba

Salisu mai shayin bakin kasuwar Tudun Wada ya daɗe da sanin ƙa'ida: in Malam Kailani ya zauna a benci, ba a zuba masa shayi sai an fara miƙa masa kofin gilashi wayam. Zai ɗaga kofin ya fuskanci haske, ya manna babban yatsansa a bayan gilashin, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. In zanen yatsan ya fito tar, ya miƙa a zuba. In ya ga dishi-dishi, sai ya ajiye kofin a gefe, Salisu ya ɗauka ya sake ɗaurayewa yana ƙunƙuni. 'Yan benci sun yi masa tsiya har sun gaji.

Mutanen unguwa sun ɗauka tsabta ce ta yi masa yawa, irin ta tsofaffin ma'aikatan asibiti. Ba su yi ƙarya ba, amma ba su san sauran ba. A duk shekarunsa na aiki sau ɗaya tak ya tsallake duba yatsan nan, kuma shekara ashirin da shida ke nan yana kwana yana tashi da cewa wannan sau ɗayan ne ya ci ran matarsa. Ko 'ya'yansa bai taɓa faɗa wa ba.

Ɗan mai facin keke ne, haifaffen Tudun Wada. Da ya gama firamare karatu ya tsaya, a 1978 ya samu aikin shara a wani asibiti da ke nan cikin unguwar. Shekara bakwai yana fama da tsintsiya da bokiti, sannan aka kawo tiyo. Haka kowa ke kiransa, daga masu gadi har manyan likitoci in Hausa ta kama su. Baƙi ne, kaurinsa kamar ɗan yatsa, tsawonsa kamu biyu da 'yan kai. A bakinsa akwai ɗan gilashi da bai fi ƙwayar dawa ba, a gindinsa kuma wurin da likita ke manna ido. Mara lafiya ya haɗiye shi, likita ya leƙa ya ga tumbin mutum ba a tsaga shi ba. A Zariyar wancan lokacin wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne. Akwai tsohon da ya taso tun daga Giwa, da aka nuna masa abin da zai haɗiya sai ya ce bari ya kewaya, har yau ba a sake ganinsa ba.

Sista Edith, 'yar Wusasa, ita aka danƙa wa ɗakin tiyo. Gajeriya ce, muryarta ta fi ta tsawo. Ita ta zaɓi Kailani da kanta, don wata safiya ta same shi a bayan ɗakin haihuwa yana wanke gindin bokiti, wurin da babu mai dubawa. Ta koya masa baho uku. Na farko ruwan sabulu, inda zai zura siririn burushi ya goge cikin tiyon. Na biyu wani magani mai hawa kai, mai sa ido hawaye, a nan tiyon zai kwanta minti ashirin cif. Na uku ruwa mai tsabta. Daga nan ya goge ɗan gilashin da auduga, ya kunna fitila, ya kawo bakin tiyon kusa da babban yatsansa, ya leƙa. Sai ya ga zanen yatsan ɗaya bayan ɗaya sannan tiyon ya cancanci hannun likita.

"Kailani," in ji ta ranar farko, "likita ba mara lafiya yake gani ba. Abin da ka bar masa a gilashin nan, shi yake gani."

Maganar ta zauna masa. Ya riƙe tiyon nan kamar jariri. A cikinsa akwai dubban zaruruwan gilashi masu ɗauko hoto, duk wanda ya karye sai ya bar baƙin ɗigo a idon mai leƙawa. Kowace Litinin Kailani zai haska tiyon a farin bango ya ƙirga ɗigon. Ya san su kamar yadda ya san gidajen layinsu, in sabo ya fito ranar ba ya cin abinci da daɗi. Aikinsa na biyu shi ne riƙe kan mara lafiya. Yana da 'yar maganar da yake raɗa wa kowa, alhaji ne ko ɗan dako: "Numfasa ta hanci. Bar yawu ya zuba, babu kunya a nan."

In ya tuna ɗakin nan yanzu, ba wuyar yake tunawa ba, ko da yake an sha ta. Sau nawa wuta ta ɗauke tiyo na maƙogwaron mutum, kowa ya tsaya cak ana jiran a tayar da janareta! Abin da yake tunawa shi ne fanka ɗaya mai kukan tsufa, da tagar da ke kallon bishiyar mangwaro, da ɗalibai a layi kowa na jiran a ba shi ido ɗaya na daƙiƙa goma. Sai kuma ƙamshin waina da ke shigowa ta tagar daga bakin get, da misalin ƙarfe tara, ya hana masu jiran tiyo sakat, su da aka hana ci tun daren jiya.

Mai wainar ita ce Sakinatu. A bakin get ɗin nan ya same ta tana taya innarta, ya yi shekara yana sayen wainar da ta fi ƙarfin cikinsa kafin ya iya buɗe baki. Aka yi aure a 1980, ta gaji tandar ta ci gaba da suya. Mace ce mai baki, mai dariya da dukkan jikinta. In mata sun tambaye ta aikin maigidanta sai ta ce, "Maciji yake wa wanka, gwamnati na biyansa." Ran Kirsimeti ta aika wa Sista Edith kwanon waina har Wusasa, ran Salla Sista ta zo da 'ya'yanta su ci tuwo a tsakar gida, a yi ta yi wa Kailani dariya su biyu yana zaune.

Da daminar 1997 Sakinatu ta fara ƙwannafi. Loma biyar ta ƙoshi. Ta shiga jiƙa kanwa tana sha a ɓoye. Wata uku Kailani yana lallashi kafin ta yarda ta haɗiyi macijin nasa. Ranar aka sa ta ta ƙarshe a layi, don na gida ba ya shiga gaban baƙo. Azahar ta kawo jiki tana zaune a benci, ba ci ba sha, ga tsoro. Yana tsaye a kan baho na uku ta leƙo ta ƙofa.

"Malam, wallahi in ba a kira ni yanzu ba gida zan tafi. Ka sha macijinka."

Ya san halinta, in ta tafi ta tafi ke nan. Ya ɗauraye tiyon, ya share gilashin da auduga, ya miƙa. Bai duba yatsansa ba. Ya zagaya ya riƙe kanta, ya raɗa mata abin da yake raɗa wa kowa, ta harare shi hawaye na zuba. Likita ya leƙa ya leƙa, ya ce ɗan ja ne kawai a fatar tumbi, ba abin tashin hankali ba. Aka ba ta magani ta ji sauƙi, har ta koma bakin tanda.

Bayan shekara ɗaya da rabi zanenta ya fara zagaye ƙugunta sau biyu. Aka sake leƙawa. Wannan karon ko ɗalibi ba zai kasa ganin ciwon daji ba. Likitan ya ɗago kai ya sauke numfashi ya ce, "Da ma an gani da wuri." Ba da kowa yake ba, bawan Allah, takaici ne kawai ya fito masa. Amma Kailani na tsaye riƙe da kanta, maganar ta shige shi ba ta fita ba. Aka yi aiki, aka buɗe aka rufe. Sakinatu ta rasu a 1999, mako biyu bayan Babbar Salla.

Tun daga ranar, duk sallar da ya yi, in ya gama roƙa mata gafara sai ya ƙara kalma uku a zuciyarsa: ki yafe mini. An yi masa maganar aure har aka haƙura. Ya ci gaba da wankin tiyo shekara goma sha huɗu, yana duba yatsansa sau biyu maimakon ɗaya, har ya yi ritaya. Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa wa Sista Edith, sai ya tuna maganarta ta ranar farko ya fasa. Da ta rasu ya je Wusasa jana'iza, ya tsaya a baya riƙe da hularsa, yana jin ya makara.

'Yarsu ta fari, Naja'atu, malamar firamare ce a Gyallesu. Shekararta arba'in da huɗu, ta wuce shekarun da uwarta ta yi a duniya ke nan. Da yake 'yar fari ce, Malam Kailani bai taɓa kiran sunanta ba, Malama yake ce mata, kuma ba ya sakin fuska da ita a gaban mutane. Bana, wata Asabar, ya je gidanta duba jikokinsa, ta kawo masa ruwa. Ya ɗaga kofin zai duba kamar kullum, idonsa ya wuce gilashin ya sauka a kan taga. Ga wani ɗan kwano an jiƙa kanwa.

"Malama, wa ke shan wannan?"

"Ni ce, Baba. Ɗan ƙwannafi ne, ba wani abu ba."

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata huɗu."

Bai sha ruwan ba. Ya fita ya tari mai adaidaita sai Hanwa, inda Dakta Barnabas, ɗan Sista Edith, ke duba masu ciwon ciki a wani asibiti. Likitan ya miƙe tsaye ya gaishe shi da hannu biyu. Da ya ji bayani ya ce a kawo ta. Gwaji ya nuna tana da wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, wadda ke cin fatarsa a hankali shekara da shekaru. Ya ba ta maganin mako biyu, ya ce tunda mahaifiyarta ta yi ciwon daji a wurin, bayan wata biyu sai an leƙa an duba da kyau.

Ranar leƙawa Malam Kailani ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ba a barin 'yan uwa su shiga, amma likita ya ce wannan ba ɗan uwa ba ne, tsohon ma'aikaci ne. Ya shiga yana neman baho uku bai gani ba. Aka nuna masa wani inji kamar firji, wai shi ke wankin. Ya dube shi sama da ƙasa kamar an nuna masa surukin da bai yi masa ba. Tiyon ma babu wurin manna ido, sai allo kamar talabijin a bango.

"Likita, alfarma ɗaya. Kafin a sa mata, zan duba gilashin."

Dakta Barnabas ya yi murmushi, ya san abin, ya ga uwarsa tana yi da tabarau a gida. Ya ce ya wanke hannu ya kawo yatsan, in ya gama a sake goge bakin tiyon. Malam Kailani ya miƙa babban yatsansa. Likita ya matso da tiyon, ya danna wani abu, sai ga yatsan ya cika allo. Zanen ya zama kamar kunyoyin gona, a kan kowace kunya ga 'yan ramuka a jere, gumi na tsatsafowa daga cikinsu. Shekara ashirin da takwas yana kallon yatsan nan ta tiyo, bai san yana da ramuka ba.

"Ya yi, Baba?"

"Ya yi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Aka fesa wa Naja'atu magani a maƙogwaro, aka yi mata allurar da ke sa gyangyaɗi, ta kwanta a gefen hagu. Kafin nas ta zagayo, Malam Kailani ya riga ya tsaya a wurinsa na da. Ya ɗora hannu a kan 'yarsa. Rabon da ya taɓa kan nan tun tana zanen goyo. "Numfasa ta hanci," ya raɗa mata. "Bar yawu ya zuba, babu kunya a nan."

Tumbin ya bayyana a allo da farin haske, jaja-jaja, wani wurin ya ɗan koɗe. Likita ya watsa ruwa ya wanke majinar da ta lulluɓe fatar, ya bi ko'ina a hankali, lungu da saƙo, ya dawo.

"Baba Kailani, me ka gani?"

Tsohon ya zuba ido iya ƙarfinsa. Babu gyambo, babu ƙari, babu jini. "Lafiya lau. Alhamdu lillahi."

"Ni ma haka na gani. Amma tsaya."

Ya danna wani maɓalli, hasken ya juye ya koma kore-kore, hanyoyin jini suka fito ruwan ƙasa. Ya matsar da bakin tiyon har ya kusa taɓa fatar, ya ƙara girman hoton kamar yadda ya yi wa yatsan. Sai ga wata saƙa da ido bai taɓa gani ba, 'yan zagaye a jere, kowane da ƙananan hanyoyin jini kewaye da shi. Likita ya ce haka lafiyayyar fata take, komai a kan tsari. Ya gangara ƙasa ya nuna inda tsarin ya canza, gefensa na ɗan sheƙi shuɗi-shuɗi. Ya ce nan ƙwayar cutar ta cinye fatar ta yi siriri, har ta fara rikiɗa tana kama da ta hanji. Wannan ba daji ba ne, amma ƙasar da daji ke son tsirowa ce, sai an riƙa sa ido.

 Sai hannun likita ya tsaya. A tsakiyar allon ga wani wuri mai iyaka, kamar an zagaye shi da alƙalami. A wajen iyakar komai a jere yake. A cikinta hanyoyin jinin sun murɗe, wata ta yi kauri wata ta sirance, kamar zaren da yara suka yi wasa da shi.

"Girmansa bai kai ƙwayar wake ba," in ji likita. Ya mayar da farin haske, ya ja tiyon baya. Wurin ya ɓace, sai jan fata sumul.

"Sake," in ji Malam Kailani.

Ya sake. Ga shi. Ya mayar, babu shi.

"Sake, don Allah."

Sau uku aka yi masa. Sannan likita ya zura 'yar matsefata ta cikin tiyon ya tsinko nama kaɗan daga wurin don gwaji, ya zare tiyon.

Naja'atu na barci a ɗaki na gaba, su biyu suka zauna a ofis. A nan Malam Kailani ya cire hularsa ya faɗi maganar da bai faɗa wa Sista Edith ba, daga benci har baho na uku, bai rage komai ba. Dakta Barnabas bai katse shi ba.

"Baba, ba zan rantse maka da abin da ke cikin Inna Sakinatu ranar ba, don ban gani ba," ya ce. "Amma yau kai ka duba gilashin da hannunka, ka ce ya yi. Ka kalli wurin nan da farin haske ka ce alhamdu lillahi. Ni da na karanci abin, ni ma ban gan shi ba. To ina ga tiyon Mama, mai ɗigo-ɗigo, da ido ɗaya? Irin wannan in yana farawa, ko kwana ka yi kana goge gilashin can, ba zai nuna shi ba. Lokacin duk duniya haka ake wuce su."

Malam Kailani ya daɗe yana kallon yatsansa a kan gwiwarsa. Ya ce, "Ɗigo arba'in da ɗaya ne a shekarar." 

Bayan kwana goma sakamako ya fito. Bai zama daji ba tukuna, amma hanyar ya kama. Aka ɗaye wurin ta cikin tiyo ba tare da an tsaga ta ba, aka ce duk shekara ta dawo a leƙa. Naja'atu ta koma aji bayan mako uku, tana ƙorafin an hana ta yaji.

Juma'ar da ta biyo baya, da hantsi, Malam Kailani ya tafi maƙabarta. Kabarin ya daɗe da bajewa, amma ya san wurin, taki bakwai daga gindin darbejiya. Ya yi sallama, ya tsuguna, ya roƙa mata gafara da rahama kamar kullum. Da ya zo inda ya saba ƙara kalma ukun nan, sai ya tsaya. Ya ɗauka ranar da nauyin ya sauka zai ji sakayau. Ya ji ɗin, amma a bayansa ga wani abu da bai shirya masa ba. Shekara ashirin da shida laifi ya tare wurin, bai taɓa samun sararin yin kewarta kawai ba. Yanzu ta taso masa gaba ɗaya, da dariyarta, da hararar nan, da ƙamshin waina ta taga ƙarfe tara. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne ta.

Da ya lafa ya share fuska da hannun riga, ya duba hagu da dama, babu kowa.

"Sakinatu," ya ce, "an gani da wuri. Naja'atu ta tashi."

Wannan ne karo na farko da sunan 'yarsa ya fita daga bakinsa.